Tukunyar Toka Mai Kunne Biyu

Ni, Gunvor Niemi, da hankalina nake wannan rubutu. Likita ma ya shaida. Ya ce huhu ne ya tafi, amma kaina lafiya lau, yana murmushi kamar mai albishir.

Torkel, Majken, 'ya'yana, ku saurara.

Ɗaya. Littattafaina a kai wa jami'a. In sun ƙi karɓa, suna cin wuta sosai. Na ƙarar da rayuwata ina bin asalin sunayen ƙarfe a harshenmu na Suwidin da danginsa irin su Jamusanci. Ga abin da na samo, don in hutar da ku karatu. Järn, sunan da muke kiran ƙarfe, da alama aro ne daga maƙwabta. Namu na gado shi ne malm, wato tama, kuma tushensa "niƙa". Shi da sunan garin burodi uwarsu ɗaya. Kakanninmu sun dubi dutse, suka raɗa masa sunan abin da za su yi masa.

Biyu. Gida babu, ramin haƙar tama ya cinye unguwarmu. Torkel, kai ka shafa jan fentin rusau a ƙofarmu, aikinka ne a kamfanin haƙar. Tun ranar Majken ke kiranka karen kamfani, kai kuma kana kiranta gimbiyar birni mai kuka daga nesa. Kowannenku ya faɗi gaskiya. Ni na tsaya na kalli motar rusau, ban ji komai ba. Har yau ina jira in ji.

Uku. Makullin gidan na Torkel ne. Fitilar da babanku ke shiga rami da ita ta Majken ce. Na san kowa na ɗan'uwansa yake so. Sai ku yi magana.

Huɗu. A ƙone ni kamar babanku. Na bincika, ƙashin da wuta ta rage niƙa shi ake yi. Kenan zan ƙare a malm, ba laifi. Na sa Sixten maƙeri ya ƙera tukunyar tokata da baƙin ƙarfe, kunne biyu. Mutum ɗaya ba ya iya ɗaga ta, a gabana ya gwada. Ban yarda da baro ba, ban yarda da ɗan dako ba.

Allah ya yi muku albarka, in yana sauraren irina. Ku riƙe juna. In kun kasa, kowa ya riƙe kunnensa, ku daidaita sawu har sabuwar maƙabarta. Hanyar akwai santsin ƙanƙara. Wanda ya saki, uwarsa ya zubar.