Na Tambayi Shafina a Wurin Zaman Makoki

Malama Rahinatu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin takaici ya kashe ni. Ragunan layya nake sayarwa a Wudil, kuma yawancin masu saye daga Abuja da Legas ta shafina na intanet suke zaɓa. Mudassir ne ke ɗauke min da shafin a kan na'urarsa, a wani ɗan shago a Sabon Gari. Ni na jawo masa yawancin 'yan kasuwar da yake wa aiki, da bazata yake rawa.

Sallah ta ƙarato sai shafin ya mutu murus. Na kira, waya a kashe. Ashe 'yarsa ce ta rasu, ya rufe shago, aka ɗauke wuta, babu mai tada janareta. Na je gidan na zauna a tabarma, aka shafa fatiha, sannan na matsa na tambaye shi yaushe zai kunna min abina. Wallahi a hankali na yi maganar! Sai ga ƙato ya fashe da kuka, jama'a suna ta hararata sai ka ce ni na kashe ta. To yarinya dai ta tafi, ragunana kuwa suna nan suna cinye min dusa. Tada janareta zai hana ta shiga aljanna ne?

Ni dai zan koma babban kamfani na waje, wanda ba ya zaman makoki. Kuma na rubuta abin da ya yi min, har da sunansa, zan saka a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa kowa ya kwashe nasa. In tura?

Mai Raguna, Wudil

Alhaji Mai Raguna, ta fuskar sana'a kana da gaskiya. Shafin da ya dogara da mutum ɗaya da janareta ɗaya zai sake mutuwa wata rana. Babban kamfani ba ya rufe shago, amma da dala za ka biya, kuma in matsala ta taso saƙon Turanci za ka aika ka zauna jira. Babu mai hawo babur ya zo har kara, kasuwar dabbobi, ya gyara maka hoton rago. In za ka koma, ka tabbatar rajistar shafin da sunanka take, ka karɓi kwafin komai. In za ka zauna da Mudassir, ka sa masa sharaɗin ya samu mataimaki da wurin ajiya na biyu. Duka biyun babu laifi.

Amma saƙon nan, goge shi. Mutum ya binne 'yarsa, kai kuma kana shirin toshe masa hanyar abincin waɗanda suka rage. Abin da ka yi a tabarmar nan rashin imani ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Ka bar wayarka a gida, ka koma ka yi ta'aziyyar da ba ka yi ba. Na karanta wasiƙarka daga sama har ƙasa, ga raguna, ga dusa, ga janareta, amma babu sunan yarinyar. Ina zaton ba ka tambaya ba. Fara da wannan.

Allah ya jiƙanta, ya ba Mudassir haƙuri, kai kuma ya tausasa maka zuciya kafin naka ya zo.