Ƙyallen da Na Ɗinka wa Osmin

El Progreso, 9 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Ondina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a Girona. Yaya gwiwar taki, sanyin ƙasar ya sake ta kuwa? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya ishi kowa. Na ba Don Chepe mai kai saƙo cuku da jan wake da wannan takarda. Kin san ni da waya, da na kara ta a kunne sai maganar ta gudu.

Albishirinki! Fasto Eleazar ya ce za a sabunta fuskar cocinmu, tambari da fenti da shafin intanet gaba ɗaya. Wai fitilar da ke jikin allonmu ta tsufa, matasa suna wucewa suna zaton shagon kananzir ne. To kin san wa ya ba aikin? Keyla ɗiyarki! Yarinyar da kika ajiye mini tana shekara huɗu, wadda ta cika mini bango da zanen gawayi, yau ita ce dattawan coci ke zama suna sauraro. Wallahi da aka kira sunanta ranar Lahadi sai da na share hawaye da gefen mayafi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ke jirgin sama kika hau, shi ya sa ban ɗinka miki ba, amma duk ɗan cocinmu da zai bi hanyar Meziko zuwa Amurka sai na ɗinka masa ƙyalle a cikin ƙugun wando: fitila, sunan coci, da adireshin shafinmu. In mutum ya faɗi a hanya ba bakin magana, wanda ya tsince shi ya san inda zai nema. A shafin kuma akwai wurin da muka kira Waɗanda Muke Jira, hotunan mutum ashirin da uku da suka tafi shiru. Ta nan aka samo ɗan Dilcia maƙwabciyata, da ya faɗo daga saman jirgin ƙasa. Wata mai jinya ce ta ga ƙyallen, ta buga adireshin, ta ga fuskarsa, ta rubuto mana. Osmin ɗina shi ne na uku a layin farko. Watan gobe zai cika shekara goma sha ɗaya da fita.

Na tari Fasto a bakin ƙofa na gaya masa damuwata. Ya dafa ƙirji ya ce, "Mama Nolvia, ki kwantar da hankalinki, ko allura ba za ta ɓace ba." Keyla kuwa dariya ta yi, ta ce, "Haba Inna, ni ce fa. Yaya Osmin ne ya koya mini keke."

Asabar da ta wuce aka yi ɗaukar hoto don sabon shafin. Na sa rigar nan shuɗiya da kika aiko, na riƙe hoton Osmin a ƙirji. Keyla ta ce na cika ɗaure fuska kamar mai jiran allura, wai in ba ta labarin ranar da ya maƙale a bishiyar mangwaron coci, wandonsa ya tsage ana tsakiyar wa'azi. Ai kuwa na yi dariya har da riƙe ciki, ita kuma tana ta ɗauka.

Ki riƙa shafa man da na aiko, kada ki yi masa rowa. Dilcia tana gaishe ki.

Yayarki mai ƙaunarki,
Nolvia

El Progreso, 18 ga Mayu

Ondina ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina fata jikin da sauƙi, tsohuwar ma Allah ya ba ta lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake.

Lahadin nan aka buɗe sabon abin. An yi abinci, an hura balan-balan, an rufe allon da farin zane. Da Fasto ya janye zanen sai muka ga har sunan an canza. Ba Cocin Fitilar Hanya ba ne yanzu, wai Gidan Murna. Tambarin wasu layuka ne uku a lanƙwashe. Dilcia ta raɗa mini cewa albasa ce aka yanka, na danne dariya, don a lokacin ban san abin da ke gaba ba.

Sai aka haska shafin a bango. Ondina, fuskata ce a farko, ƙatuwa, baki buɗe ina dariya. An yanke hoton daidai wuyana. Babu hannuwana, babu Osmin. A ƙasa an rubuta, "Zo ka yi murna tare da mu." Mutane suna tafi suna juyowa suna kallona, ni kuwa ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Dariyar ɗana ce fa, da sunansa aka ciro ta daga bakina, aka cire shi aka bar ta.

Na daure, na ce bari a kai ƙarshe, wataƙila yaranmu suna can ƙasa. Aka nuna lokutan sujada, aka nuna mawaƙa, aka nuna Fasto da matarsa har sau huɗu. Shi ke nan, aka yi addu'ar rufewa.

Kafin in isa gida na tsaya shagon da ake buga takardu, na ciro ƙyalle ɗaya daga jakata, na ce mai shagon ta buga mini adireshin da ke jiki. Fari fat. Ta sake bugawa, ta ce, "Mama, wannan shafin babu shi." Ƙyalle sama da ɗari biyu na ɗinka da hannuna. Suna can a jikin mutane, wasu na tafiya, wasu Allah kaɗai ya san inda suke kwance, duk suna ɗauke da adireshin da ba ya kai kowa ko'ina.

Washegari na je wurin Fasto. Ko kunya babu, ya ce baƙon da ya buɗe shafi ya ci karo da fuskokin ɓatattu zai tsorata ya rufe. Ya ce coci ba ofishin 'yan sanda ba ne. Ya miƙo mini wani ɗan littafi mai sheƙi, wai dokokin tambari, a ciki an hana amfani da fitilar ko a kofin shayi. Na ce masa, "Fasto, allurar da ka ce ba za ta ɓace ba fa?" Sai ya ce mu yi addu'a. Na ce ya yi shi kaɗai.

Keyla tun ranar take wasan ɓuya da ni. Ta fita kafin in dawo daga kasuwa, in mun haɗu idonta a ƙasa. Ban yi mata faɗa ba, na san yarinya ce, Fasto ne ya fi ƙarfinta. Don Allah ki kira ta. Maganarki tana shiga kunnenta. Ki ce ta mayar da tsohon adireshin ko da a ɓoye ne, ba na neman fitila a allo, ba na neman komai. Ba ni da wanda zan kai wa kuka sai ke.

Taki har kullum,
Nolvia

El Progreso, 24 ga Agusta

Ondina,

Ina fata kina lafiya. Ba zan ce ina lafiya ba, don ban saba yi miki ƙarya ba.

Wata uku ina jiran amsarki. Duk kiran da kika yi, da na ɗauko maganar sai ki ce tsohuwa na kiranki. Na yarda, na ce aikin jinya ba wasa ba.

Jiya da safe ina murza ƙullun masara Keyla ta shigo ɗaukar kofi. Na tare ƙofar kicin na ce yau sai ta dube ni. Ta fashe da kuka. Ta ce tun farko ta roƙi Fasto, ya kuma yarda a bar tsohon adireshin yana aiki, a ajiye hotunan yaranmu a can wani lungu inda baƙo ba zai yi tuntuɓe da su ba. Na ce to wa ya rufe? Sai ta ajiye wayarta a kan tebur ta danna.

Muryarki ce, Ondina. Na saurara sau uku, har na haddace. "Keyla, ki rufe abin nan gaba ɗaya. Osmin ya mutu, kowa ya sani sai Yaya. Muddin hoton nan yana nan ba za ta huta ba. Ki yi mata wannan alherin, in ta yi kuka ta gama za ta gode mana."

Kwanan watan saƙon yana jiki. Sati biyu ne bayan wasiƙata ta farko, wadda na zauna na zayyana miki abin da nake tsoro. Ashe hanya na nuna miki. Na kuma sake rubuto miki ina roƙo, ina cewa ba ni da kowa sai ke, kina karantawa kina cin cukun da na aiko.

Na ce wa Keyla ta buɗe shi yanzu a gabana. Ta ce ba ya yiwuwa. Da aka saki adireshin, wani kamfani ya kama shi. Ta buga ta nuna mini: tallar caca ce ke fitowa, da mata masu ɗaga kati. Wannan ne abin da mai jinya za ta gani in ta juya ƙugun wandon ɗana.

Ko da kin yanke hukunci a kan nawa, wa ya ba ki sauran ashirin da biyun? Ranar Laraba iyayensu mata za su taru a gidan Dilcia kamar kullum. Wata uku suna tsine wa Fasto, ni ce kan gaba. Yanzu sai in tashi a gabansu in ce daga ɗakinmu abin ya fito. Zan faɗa, don ba zan bar mutum da laifin da ba nasa kaɗai ba.

Kin ce in huta. Da can ina kwanciya da sanin cewa in an tsince shi, a raye ko ba rai, za a same ni. Hutun da nake da shi ke nan a duniya, shi kika ɗauke.

Keyla tana nan a ɗakinta, ban kore ta ba, ni na goya ta. Na gaya wa Don Chepe kada ya sake kawo mini kaya daga wurinki. In kin san Osmin ya mutu, ki rubuto mini wanda ya ga gawarsa da garin da aka binne shi, in je in durƙusa a wurin. In ba ki sani ba, kada ki rubuto.

Allah ya ba gwiwarki lafiya.

Nolvia, mahaifiyar Osmin