Durƙuson da na yi a Gozaki

Asabar, bayan isha'i

Mun dawo daga Gozaki, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Ciwon nan na jijiya, MS, ba ya shiri da zafi, motar kuwa kamar tanda. Tun a Bakori, a hanyar zuwa, na ji ƙafar hagu ta fara mutuwa.

Maigida ya ce mini a hanya, "Don Allah idan mun je kada ki durƙusa, ki gaishe ta a tsaye." Na ce to. Amma ta yaya zan tsaya ƙiƙam a kan Inna, matar da ta haife shi, ga mata cike da tsakar gida ana ɓare masara? Ina shiga na zube.

Gaisuwa ta ƙare, na yunƙura, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Na sake, shiru. Matan duk suka juyo suna kallona. A can ba wanda ya san ciwona, na san kafin magariba za a ce iska ce.

Sai Inna ta sauko daga kujerarta, ta zauna kusa da ni, ta turo mini faifan masara. "Zauna, 'yata, da ma hannu nake nema."

Muna nan har la'asar, ƙafar ta dawo. Da za mu tafi ta ce a hankali, "Gaisuwar baki ta ishe ni. Gwiwar nan ki ajiye ta don salla."

Ban gaya mata ba, sallar ma tun damina a zaune nake yin ta.