Kyamarar Hafiza Ta Ƙwace Mini Ɗaki

Zuwa ga ɗana Mijinyawa, a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan Sabo lafiya lau, sai ruwan Ibadan da ya ƙi ɗagawa, da gwiwata da ke taya shi.

Na ji saƙonka cewa lallai 'yarka Hafiza da ke wurina ta bar aikin fim ta koma gida, wai wahala ta yi mata yawa. To wa ya gaya maka? Ni ce mai wahala! Kyamarar da aka damƙa mata tsohuwa ce irin ta da, mai cin zaren fim, ga tsirfa kamar jaririn fari. Ba ta son laima, ba ta son ƙura. Ɗakina ne kaɗai ba ya yoyo, shi ke nan aka girke mini ita kusa da gado. Har turaren wuta 'yar nan ta hana ni, wai hayaƙi yana dusashe mata ido. Ni da ɗakina!

Amma ka ga aiki. Kullum suka dawo daga wurin ɗaukar fim a unguwar Bodija, ko mayafi ba ta cirewa sai ta kwance ta, ta hure, ta goge, ta ɗiga mai. Zaren kuwa cikin baƙar jaka take sa shi, da lalube, idonta a rufe. Na ce ko naman miya take ɓoyewa, ta ce haske kaɗan ya shiga, aikin yini ya ƙone. Ko silin gashi ɗaya ya shiga, ɓarna ce. Tun farkon damina ake ɗauka, kyamarar nan ba ta taɓa tsayawa ba, ogansu da bakinsa ya faɗa mini.

In ta tafi yanzu, wani za a ba aikin, kuma ba za su sake kiranta ba. Ta yi kuka da ta ji saƙonka, amma ta ce ba za ta saɓa maka ba, har ta fara haɗa kaya. Na zazzage su. Na ce kai ubanta ne, ni kuma uwarka ce, sai an gama za ta zo. In kana da magana, ka sauka a tashar Ojoo ka faɗa mini ido da ido, in ka iya.

Ka gaishe da Saude da Yahya, da ƙanwata Mero. Allah ya yi maka albarka.

Ni ce mahaifiyarka,
Hajiya Mairama