Kaska a Bayan Gwiwar Babanku

Bunguɗu

Shafa'atu 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar aikin asibiti? Tunda an rufe layin waya, direba na ba wannan takarda. Ki yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koye shi.

Jiya babanku ya dawo daga wurin shanu, na ga kaska ta ƙoshi a bayan gwiwarsa, na cire. Haka maƙwabcinmu Lukuman ya fara bara, zazzaɓi da ɗigo-ɗigo a jiki, har Allah Ya ɗauke shi. Babanku ya ce zai yi wa kansa allurar shanu, wai tunda ta tayar da bijimi. Ni kuma na sayo kafso a kemis don rigakafi. Wanne zan ba shi? Na kasa cin abinci.

Innarki, Tambaya

Tudun Wada, Gusau

Inna,

Wa alaikumus salam. Ko ɗaya kada ki ba shi. Allurar shanu ki ɓoye ta. Kafson ma ba ya tare wannan zazzaɓi tun bai zo ba. Ki wanke wurin da sabulu, ki sa masa ido mako biyu. Da kin ji jikinsa da zafi ko ya ce kansa na ciwo, kada ki jira ɗigo. A ranar a kai shi asibiti, ki ce kaska ce. Yana da magani, in an fara da wuri.

Allah Ya ƙara girma.
Shafa'atu

Bunguɗu

Shafa'atu,

Gaisuwa mai yawa. Kwalbar allurar tana cikin rumbu, ƙarƙashin gero. Zama ba a ba da magani ba akwai wuya. Ina ta taɓa goshinsa har ya ce, "Tambaya, tukunya kika ɗora ne?" Gobe zai kai bijimi kasuwar Tsafe. Na ce ƙafata ƙafarsa. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Ki sa mu a addu'a.
Innarki

Tsafe

Shafa'atu,

Salamu alaikum. A tsakiyar kara zazzaɓin ya kama shi. Ya ce rana ce, a bari a gama ciniki. Na karɓe igiyar a gaban dillalai, na ba ƙanensa da ya raka mu, na tare mai babur ya kai mu asibiti. Na gaya wa likita kaska ce, a ranar ya fara shan magani.

Yau ya cinye tuwo ya nemi ƙari. Bijimin bai sayu ba, tun safe yake mita wai na kunyata shi a kasuwa. Ina zaune ina saurare, ban ce ya yi shiru ba.

Allah Ya yi miki albarka.
Innarki, Tambaya