Gyaran Baba Yana Isa a Makare

Asabar, 5 ga Yuli, 2025
Amatullahi ta sake fashewa da kuka a tsakiyar karatu. Shekararta bakwai, suna Fatakwal da uwarta, Yaya Sadiya, kuma kullum bayan magariba Baba ne ke biya mata allo ta waya, a kiran intanet. Yau ta ce, "Ni na daina, Kaka ba ya sona." Baba ya yi dariya, wai amaryarsa ta yi yaji. Amma na ga bai taɓa tuwonsa ba.

Lahadi, 6 ga Yuli
Na zauna kusa na saurara, na gano abin. Idan ta yi kuskure Baba ya ce "A'a, maimaita!", muryarsa ba ta isa sai ta wuce zuwa ayar gaba, wadda ta karanta daidai. Sai ta maimaita daidai ɗin, ya sake cewa a'a. Yarinya ba dole ta rikice ba! Na auna layin, jinkirin ya kusa daƙiƙa uku. Kuma wai ni ne mai digirin kwamfuta a gidan nan. Kaico.

Litinin, 7 ga Yuli
Tsohuwar kwamfutata mai manhajar Linux ce ke rarraba intanet a gidan. Na shiga saitinta na faɗaɗa wurin da saƙonni ke jira kafin su fita, don kada ko ɗaya ya zube. Na ce wa Baba an gama. Ya ce, "Allah ya sa, Auta."

Talata, 8 ga Yuli
Abin ya ƙara lalacewa. Yaya Sadiya ta ce in haka za a ci gaba gara ta nemo mata malami a can. Baba na ji. Ya naɗe buzunsa ya shige ɗaki. Wallahi raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi.

Laraba, 9 ga Yuli
Ashe Yaya Ya'u ne ke jawo jinkirin! Daidai lokacin karatu yake kishingiɗa a zaure yana tura bidiyon bijimansa ga masu saye a Legas. Na ce masa, "Yaya, shanunka ne suka tare wa muryar Baba hanya." Ya ce to shanun nan ne ke sayen datar, in iya bakina. Gaskiyarsa. Ni kuma da na faɗaɗa wurin jira, layin na ƙara wa tsawo, maganar Baba ta koma can bayan garke.

Alhamis, 10 ga Yuli
Ba karatu yau da gobe. Na roƙi Yaya Sadiya ta ba ni zuwa Asabar.

Juma'a, 11 ga Yuli
Bayan an sauko daga masallaci na zauna kan aikin. Na mayar da wurin jiran ƙarami. Na rage gudun fitar saƙo ya dawo ƙasa kaɗan da abin da kamfanin intanet ke ba mu, don cunkoson ya tsaya a kwamfutata inda nake da iko, ba a can wajensu ba. Sannan kowace waya da nata layin, ƙananan saƙonni irin na murya su riga manya wucewa. Wanda ya cika turo kaya a zubar masa da kaɗan, wayarsa za ta gane ta sassauta.

Baba ya leƙo yana tambaya. Da na kai wurin zubarwa sai ya ɓata fuska: "A gidana za a kori baƙo?" Na ce ba kora ba ce, cewa ake ya je ya dawo. Sai ya ce ai ko ranar kasuwar Mai'adua ba a tura shanu mota gaba ɗaya, in an yi haka sai a karya su. Ya tafi yana jin shi ya koya mini. Na bar masa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rage gudun da hannuna. Ni da nake cika baki a majalisa cewa intanet ɗinmu ya fi na kowa a unguwa.

Asabar, 12 ga Yuli
Na sa Yaya Ya'u ya tura bidiyo da gangan, har guda biyu. Amatullahi ta ja karatu, ta yi tuntuɓe, Baba ya ce "A'a," ta tsaya cak a kan kalmar. Ta gyara. Ya ce "Madalla da amaryata!" Sai ga dariyarta tar, kamar tana tsakar gidan nan. Baba ya juya yana goge ido da bakin rawani, wai hayaƙin kicin ne. Yaya Ya'u na ta mita wai bidiyonsa ya ƙara minti ɗaya kafin ya tafi.

Talata, 15 ga Yuli
Kullum ina zama gefen buzun da kwamfuta a cinya, don sa ido kan jinkiri. Lafiya lau yake.

Laraba, 23 ga Yuli
Yau ma na zauna. Sai da aka shafa fatiha na lura ban ma kunna kwamfutar ba. Amatullahi ta kai surar da na tsaya a kai tun ina sakandare, lokacin da boko ya ɗauke ni, Baba kuma bai taɓa yi mini gori ba. Ashe bakina na bin ta a hankali. Na yi kuskure a wuri ɗaya, Baba ya ce "A'a, maimaita," bai ko dubi wayar ba. Ta ce, "Kaka, ai daidai na yi!" Ya ce, "Ba da ke nake ba."

Na maimaita.