Bayan Fom Ɗin da Ban Karanta Ba

Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Ya jikin Baba? Umma ta ce hannun ya fara motsi, amma kin san Umma, ko rufin ɗaki ne ya faɗo mata cewa za ta yi da sauƙi. Shi ya sa ke nake tambaya.

Maganar komawata jami'ar da ke kusa da gida ce ta sa na ɗauki biro. Kin tuna gurbi biyar kacal suke ba masu sauyowa daga wata jami'a, kuma tallafin da nake karatu da shi a nan ba ya bin mutum, sai na nemi nasu. Don takarduna su fi na kowa kyau na ƙi zuwa hutu, na zauna na ƙara kwas biyu. Ni ga mai wayo! Baba yana kwance, ni ina nan ina haddar littafi, ina lallashin kaina wai saura ƙiris in dawo gaba ɗaya.

Jiya na je karɓar takardar sakamako. Ofishin ɗan tsukut ne, benci ɗaya, fanka tana ta juyi ba iska. Matar da ke taga ta uku, wata mai tabarau a kan hanci, ta bi kwasa-kwasaina da bakin biro tana ƙirgawa, sannan ta tambaye ni ko na karanta bayan fom ɗin tallafin. Yaya, ni ban ma san da rubutu a bayansa ba. Ashe tallafin na wanda bai wuce rabin karatu ba ne. Kwas na farko da na ƙara ya kai ni rabi cif. Na biyun, wanda za mu rubuta ranar Alhamis, in na ci shi na tsallake rabin.

Na roƙe ta a cire min shi, ta ce lokacin janyewa ya wuce da sati uku. In kuma na ƙi shiga jarrabawar, faɗuwa za a rubuta, su kuwa masu gurbi biyar ba sa kallon takarda mai faɗuwa. In na ci, su ɗauke ni ba tallafi. In na faɗi, ga tallafi, ba mai ɗauka. Sau huɗu ina buga wa waccan jami'ar waya, kowane ofis ya ce maganar ta ɗayan ce. Wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Kada ki gaya wa Umma tukuna. Ki shafa min kan yaran.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Wasiƙarki ta iso, na gode ƙwarai. Da fatan kowa lafiya, Allah Ya ƙara wa Baba sauƙi. Batun sayar da keken ɗinkinki kuwa, kada in ƙara ji. Da shi kike riƙe da gida, kuma ko zango ɗaya ba zai kai ni ba.

Abokiyar ɗakina ta ba ni shawarar in faɗi jarrabawar kawai, in ya so in je in yi musu bayani baki da baki, wataƙila wani ya ji tausayi. Da wannan niyyar na shiga ɗakin jarrabawar. Na zauna a wata kujera mai rawa kusa da ƙofa, na rubuta lambata, na ajiye biro. Minti ashirin ina kallon agogon bango. Tambayoyin kuwa kamar ni na tsara su. Sai na tuna yadda Baba ke riƙe sakamakona da hannu biyu, yana karantawa da ƙarfi don maƙwabta su ji. Ban san sa'ad da na ɗauki biron ba. Har ƙarin takarda na nema.

Sakamako ya fito shekaranjiya, ni ce ta ɗaya. Malamin ya taya ni murna a gaban aji, na yi godiya, na wuce banɗaki na sha kukana. Shekara biyu ke nan zan ƙara a nan. Akwatin da na haɗa tun watan jiya na zazzage shi, na mayar da kayan durowa.

Ga takardar nan na sa a ciki. Ki kai wa Baba da kanki, ki sa masa a hannun da ke aiki, ki karanta masa da ƙarfi yadda yake so. In ya tambayi yaushe zan dawo, ki gyara masa matashi, ki ce ban faɗa ba.

Ina gaida Umma.

Ƙanwarki,
Auta